Zamanin Faifai a Ƙasar Gumel

A makon ƙarshe na watan Agusta na shekarar 1991 al'amura biyu suka auku, kwana biyu rak tsakaninsu, ɗaya ya cika kunnen kowa a ƙasar Gumel tun daga fada har ruga, ɗayan kuwa babu mahalukin da ya ji ɗuriyarsa a nan, kuma ko da an faɗa mana a lokacin, da ba mu san inda za mu ajiye labarin ba. Ran 27 ga watan Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni, mutanen Ɗanzomo da Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari suka wayi gari da sabon suna a takardunsu. Ran 25 kuwa, can a Helsinki ta ƙasar Finland, wani ɗalibin jami'a mai shekara 21 da haihuwa, Linus Torvalds, ya sanar da 'yan'uwansa ma'abota kwamfuta cewa yana rubuta wata manhaja don sha'awa kurum, ba don ciniki ba, yana kuma neman shawararsu a kai. Abin da ya rubuta ɗin nan shi ne aka sani da Linux, kuma sai da ya yi shekara goma sha wani abu yana ratsa ƙasashe kafin ya iso hannun wasu samari ƙalilan na wannan yanki namu, waɗanda labarinsu nake so in waiwaya, tun da yake zamaninsu ya soma shuɗewa ba tare da kowa ya rubuta shi ba.

Ita kwamfuta ba rana ɗaya ta shigo mana ba. Da fari abar ofis ce, ana lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, ba mai taɓa ta sai akawun da aka tura kwas. Bayan an komo mulkin farar hula a 1999, Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya ɗauki sha'anin fasahar sadarwa da himma mai yawa, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure, samarin masarautun jihar guda biyar suka yi ta zuwa can koyon sana'ar. Sa'an nan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, shagunan buga takardu suka yawaita a Gumel saboda ɗaliban Kwalejin Ilimi, tsofaffin kwamfutocin da Turawa suka gama yayinsu suka riƙa biyo jirgin ruwa zuwa Legas, daga can zuwa Titin Beirut a Kano, daga nan kuma a bayan mota zuwa garuruwanmu. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ke tsaye tsakanin ƙarfe da mutum, ita ke jin madannai da linzami, ita ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, ita ke kai rubutu ga firinta. Bari mu kira ta uwar manhaja. To, a wancan lokaci uwar manhaja ɗaya muka sani, wato Windows XP ta kamfanin Microsoft, har mafi yawanmu ba mu taɓa zaton cewa ita daban ce kuma akwatin daban ba. Faifan da ake ɗora ta da shi na kasuwa ne, an kwafe shi ba da iznin mai shi ba, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a kan mas'ala, domin babu wanda ya san akwai wata hanya.

Hanyar kuwa ta girmi Linux kansa. Tun a 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman, masanin manhaja a jami'ar MIT, ya ƙudurta rubuta uwar manhaja wadda ba za a kulle rubutunta na asali ba, ya sa wa aikin suna GNU, ya kafa gidauniya dominsa a 1985, ya kuma tsara wata takardar sharaɗi a 1989 wadda ake kira GPL. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne, duk wanda manhajar ta shiga hannunsa yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta yadda aka ƙera ta, ya kwafa ya ba wani, ya gyara ya yaɗa gyaransa. Amma fa in ya yaɗa, wajibi ne ya bar wa na bayansa irin haƙƙin da shi ya tarar, kada ya rufe ƙofar da ya shigo ta cikinta. Da Torvalds ya sa Linux ƙarƙashin wannan sharaɗi a 1992, aka haɗa shi da kayan aikin GNU, sai aka sami cikakkiyar uwar manhaja wadda kowa ke da ikon ɗauka.

Wani abin lura shi ne, wannan sharaɗi da ya riƙa ba 'yan boko mamaki, har suna cewa ai banza ba ta kai zomo kasuwa, lalle akwai wata maƙarƙashiya a ƙasa, bai wahalar da malaman zaure ba ko kaɗan. Na taɓa halartar wani zaure a Ɗanzomo bayan la'asar, wani saurayi yana kwafar faifai zai ba abokinsa, sai dattijon malamin da ke wurin, wanda ya riga ya ji cewa kayan kwamfuta na sata ne, ya dube shi ya ce, "Kai ɗana, wa ya ba ka iznin kwafar kayan mutane?" Saurayin ya russuna ya ce, "Allah gafarta Malam, masu shi ne suka yi sharaɗin a kwafa, in dai ba za a hana wani ba." Malam ya tambayi ko ana goge sunan marubucin, aka ce masa ba a gogewa, ya tambayi ko wanda ya ƙara wani abu yana bayyana ƙarinsa, aka ce yana bayyanawa, sai ya ce to ai haka littafi yake. Kuma gaskiya ya faɗa, domin da wace hanya Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Halil suka iso ƙasar Hausa suka zauna a kowane zaure, in ba da hannun masu kwafa ba? Da wace hanya rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka kai gabas da yamma tun babu maɗaba'a? Ɗalibi ya ari littafi ya kwafe da tawada, ya sa sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a. Wani malami ya zo ya yi wa matanin sharhi, wani ya yi wa sharhin hashiya a gefen takarda, ba wanda ya ce an ci masa haƙƙi matuƙar an jingina kowace magana ga mai ita, abin da malamai suka tsananta a kansa ma shi ne ɓoye ilmi. Haka manhajojin nan suke da silsila tasu: Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, shekarar da Patrick Volkerding ya fitar da Slackware, daga Debian aka ciro Ubuntu a 2004, daga Ubuntu aka ciro Linux Mint a 2006, a ɗaya ɓangaren kuma daga Red Hat aka sami Fedora a 2003. Ƙwayar duka ɗaya ce, wato Linux ɗin da Torvalds ya soma, zubin ne ya bambanta, kuma kowane zubi yana ambaton wanda ya ɗauka daga gare shi.

Yadda abin ya iso mana kuwa ta gidan waya ne, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da yaran yanzu suke jinsa kamar tatsuniya. Mark Shuttleworth, wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu wanda ya kafa kamfanin Canonical, da ya fitar da Ubuntu ta farko a watan Oktoba na 2004, sai ya ɗauki nauyin aika faifanta kyauta ga duk wanda ya nema a ko'ina cikin duniya, har kuɗin sufuri nasa ne, kuma haka aka ci gaba har 2011. Saurayi ya je shagon intanet a Kano ko Dutse, ya cike sunansa da akwatin gidan waya na makarantarsu ko na ofishin wani kawunsa, ya dawo gida ya yi noma ya yi girbi har ya manta, sai wata rana a aiko masa da ambulan daga Turai, a ciki ga faifai a kwali mai kyau. Faifai ɗaya yakan zaga gari, ya je Maigatari ran Alhamis a aljihun wanda ya tafi cin kasuwa, ya dawo bayan mako biyu duk ya karce, an kuwa riga an kwafi uku daga jikinsa. Lambar kowace fitowa tana nuna shekara da wata, a fitar a Afrilu, a sake fitarwa a Oktoba, saboda haka masu abin suka riƙa ƙirga shekara da 8.04 da 9.10 da 10.04, kowa yana tuna wadda ta fara yi masa aiki lafiya.

Babban abin da ya jawo hankalin mutane da farko wata hikima ce da Bajamushe Klaus Knopper ya shahara da ita tun a 2000 da zubinsa na Knoppix, wato a tada kwamfuta daga kan faifai kai tsaye ba tare da an taɓa abin da ke rumbunta ba, in an gama a zare faifan, komai ya koma yadda yake. Wannan ya ba mai tsoro damar ɗanɗanawa, ya kuma zama magani ga wata annoba da ta addabi shagunan buga takardu, wato bairos ɗin da ke bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta yana ɓoye takardun mutane. Ɗalibi ya zo hankali a tashe, aikin kammala karatunsa na wata shida ya ɓace, mai shago ya ce babu dabara sai a goge komai. Sai a ce a nemo wane, ai yana da faifan nan. Ya zo ya tada injin da faifansa, ga takardun nan duka suna zaune lafiya, ga bairos ɗin a fili ba ya iya motsi domin ba a rubuta shi don wannan gida ba, a kwashe na kwashewa, a share na sharewa. Mutane da yawa da ba su damu da Stallman ko sharaɗinsa ba, a nan suka soma ganin girman abin.

Amma kada mai karatu ya zaci hanya ce mai sauƙi. Wanda ya ƙagu bai jira gidan waya ba, sai ya kwana a shagon intanet, lokacin da kuɗi ke sauka kuma layi ke da ɗan sarari, yana sauke megabait 700, wato cikin faifai guda, yana kallon layin yana rarrafe, in an ɗauke wuta kafin a tada janareta aiki ya koma farko. Wanda ya ɗora kuma, sai ya tarar modem ɗinsa na tsirawa a jikin kwamfuta ba ya magana, domin irin waɗannan modem suna fara bayyana kansu ne a matsayin faifai, sai an ba su wani umarni kafin su juye su zama abin da suke. Maganin yana intanet, intanet ɗin kuma ba ya samuwa sai modem ya tashi. Saboda haka sai ka ga saurayi da littafin rubutu na makaranta, ya kwafo umarni layi-layi da biro daga shago, ya dawo gida ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, yana bugawa yana dubawa, harafi ɗaya ya kuskure ba abin da zai faru. Akwai wanda ya so ya raba rumbun kwamfutar yayansa gida biyu don Windows da Linux su zauna tare, ya share gidan da bai kamata ba, aka yi kwanaki ba a ga maciji tsakaninsu. Duk da haka, daga irin wannan wahala suka san yadda kwamfuta ke tashi tun daga danna makunni, suka san yadda ake raba rumbu, da wa ke da iznin karanta wace takarda da wa ke da iznin canza ta, da yadda ake karanta saƙon kuskure a fahimci abin da yake nufi maimakon a firgita. Turancinsu ma ya ƙaru, domin babu malami sai bayanin da masu manhajar suka rubuta, kuma shi ba ya karantuwa da gaggawa.

Inda sha'awar ta fi ƙarfi, kuma inda mujadala ta fi zafi a majalisun dare, shi ne batun fuska. A Windows, abin da ido ke gani da abin da ke aiki a ƙasa tare aka ɗinke su. A Linux kuwa fuskar manhaja ce mai zaman kanta, kana iya cire ta ka sa wata, ƙwayar tana nan yadda take. Matthias Ettrich, shi ma Bajamushe, ya soma KDE a 1996. Shekara guda bayan haka wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka soma GNOME, kuma sababin da ya sa suka ware shi ne kayan da aka gina KDE a kansu a lokacin sharaɗinsu bai cika 'yanci ba, wato tun asali saɓanin na ƙa'ida ne kafin ya zama na ado. Mu dai a nan ado muka fara gani. Da Compiz ya fito a 2006, mai juya fuskar kwamfuta ta zama akwati mai kusurwa tana wulwulawa, tagogi suna rawa in an ja su, sai yara suka riƙa taruwa a bayan mai kwamfuta suna roƙon ya sake juyawa, kuma na tabbata akwai waɗanda wannan juyin ne ya fara sa musu son ilmin da suke ci da shi yau. Masu KDE suna alfahari da cewa babu abin da ba su iya daidaitawa, masu GNOME suna cewa tasu ta fi natsuwa. Amma in an bi diddigi, hukunci ba a bakin kowa yake ba, yana ga ƙarfin injin. Wanda kwamfutarsa ke da ram na megabait 256 ko 512, wato wurin da take riƙe aikin da ke hannunta, bai da ta cewa a gardamar manya, sai ya koma ga Xfce ko LXDE masu sauƙin nauyi, ko ga Puppy, zubin da Barry Kauler ya ƙera a Ostareliya a 2003, wanda saboda ƙanƙantarsa yake shigewa ram gaba ɗaya ya yi aiki ko da rumbun kwamfutar ya mutu. Na ga injin da aka fid da rai da shi, an ajiye shi a lungu kaji suna hawa, aka kakkaɓe shi aka tada shi da irin wannan, ya koyar da yaran gida bugun rubutu shekaru.

A 2011 aka ga fa'idar sharaɗin nan a aikace. A watan Afrilu masu GNOME suka fitar da ta uku, suka rushe tsarin da aka saba, Canonical kuma ta sa wa Ubuntu wata sabuwar fuska tata mai suna Unity. Duka biyun sun fi nauyi, duka biyun sun sauya wa mutane wurin da hannunsu ya saba zuwa. Da a manhajar kulle ne, da sai haƙuri. Amma da yake rubutun asali a buɗe yake, wani ɗan Ajantina ya ɗauki tsohuwar GNOME ya ci gaba da rainonta da sunan MATE, Clement Lefebvre da jama'arsa ta Linux Mint suka ƙera Cinnamon bisa tsarin da aka saba, jama'a da yawa, har da namu na nan, suka yi ƙaura zuwa Mint, kuma a 2017 Canonical da kanta ta ajiye Unity ta koma GNOME.

Iyaye da abokai sun sha kushe wannan ɗabi'a ta yawo daga zubi zuwa zubi, suna cewa wane ba ya gama ɗorawa sai ya goge, kullum yana gyaran kwamfuta ba a taɓa ganin aikin da ya yi da ita ba. A maganarsu akwai gaskiya, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Akwai waɗanda iliminsu bai wuce ɗorawa da sauya launi ba, kuma bayan fitowar Kali a 2013, wanda kayan aiki ne na ƙwararrun da ake ɗauka su jarraba tsaron na'urori da iznin masu su, an sami yaran da suka ɗora shi don suna kawai, wasu ma da niyyar leƙa asirin mutane, alhali wannan cin amana ne da kowace irin manhaja aka yi shi. Sai dai ban yarda cewa yawon kansa aibi ba ne. Wanda ya san tsari ɗaya tak yakan zaci duk abin da ya gani a cikinsa wajibi ne. Wanda ya zauna da huɗu ko biyar shi ke iya rarrabe asali da reshe, ya san abin da kowace kwamfuta ba ta rabuwa da shi da abin da zaɓin maƙera ne kawai, kuma irin wannan mutum ba ya ruɗewa in an ajiye masa injin da bai taɓa gani ba. In ka bincika masu gyaran kwamfuta da ake dogara da su a garuruwan nan, da masu haɗa na'urorin cibiyoyin jarrabawa tun da JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, da malaman da ke koyar da darasin a sakandare da fahimta ba da hadda ba, za ka tarar da tsofaffin masu yawon faifai a cikinsu fiye da yadda adadinsu ya kamata ya bayar.

Hukuma ma ta gwada nata daga sama. A 2007 aka raba wa 'yan firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, waɗanda ke tafiya a kan Linux. A shekarar kuma aka yi cinikin kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 ɗauke da zubin Mandriva na Faransa, aka yi ta taƙaddama a kan ko za a goge shi a sa Windows. Waɗannan shirye-shirye ba su yi saiwa ba, kuma a ganina dalilin a bayyane yake, an kawo na'ura ba a tanadi mutumin da zai zauna da ita in ta ƙi tashi ba.

Akwai wani gurbi da har yau nake jin ciwonsa, shi ne na harshe. Shekaru da yawa mutumin Ɗanzomo ba ya iya buga sunan garinsu daidai a kwamfuta, domin babu harafi mai lanƙwasa, sai dai a buga a bi da biro. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi hidima babba da ya ƙera zanen haruffa na Rabi'at da Abdalla masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, daga baya tsarin Unicode ya game duniya ya ba kowane harafi lambarsa tabbatacciya, kuma a Linux akwai jerin madannai na Hausa da ke zuwa tare da manhajar, sai dai mutum ya zaɓa. An ma taɓa yin wani zubi a Legas mai suna Wazobia, da nufin kwamfuta ta yi magana da Hausa da Yarabanci da Ibo, amma bai yi tsawon rai ba. Abin da ya rage shi ne fassarar fuskar kanta, kalmomin da ke kan kowane madanni da kowane saƙo, kuma wannan aiki ne da ƙofarsa ke buɗe ga kowa, ba ya bukatar izni ko jari, sai sanin Hausa da juriya. Al'ummomin da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na Hausawa ba sun fassara GNOME da KDE da LibreOffice tsaf cikin harsunansu, mu kuwa namu ya tsaya a gutsure. Mun karɓi matani, mun kwafa, mun amfana, amma hashiyarmu a gefen takardar ba ta da yawa. Da an yi ta, da malamin zauren nan da ya fahimci sharaɗin tun kafin 'yan boko ya iya zama gaban kwamfuta da kansa ba tare da tafinta ba.

Sa'an nan waya ta zo ta sauya komai. Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, a kan ƙwayar Linux aka gina ta, kuma da wayoyi masu araha irin su Tecno da itel suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano suka gangaro ƙauyuka, sai ga abin da Torvalds ya soma yana aljihun mai sayar da raƙumi a Maigatari da mai auna riɗi da zoɓo, ba tare da ɗayansu ya taɓa jin sunansa ba. Ta wata fuska wannan nasara ce da ba a taɓa mafarkinta ba. Ta wata fuskar kuwa waya a rufe take zuwa, ba a buɗe ta, ba a sauya mata uwa sai da wahala mai yawa, tana yin aiki ne tun daga kwali, saboda haka ba ta tilasta wa kowa ya san cikinta. Yaron da a da sai ya yi kokawa da modem kafin ya ga intanet, yau an haife shi ya tarar da shi a tafin hannu. Abin da ake kwana ana saukewa yanzu kafin a gama shan shayi ya sauka, filashi ɗaya yana ɗaukar zubi goma, farantin sola ya rage zaman jiran wuta, bayani ya yawaita a bidiyo har da Hausa. Kayan aiki sun wadata fiye da kowane lokaci, amma larurar da ke tura mutum ya koya ta ragu. Duk da haka ba su ƙare ba. Akan sami ɗalibin da ya sa Termux a wayarsa, ya buɗe baƙin allo a kan ɗan gilashin nan yana koyon rubuta manhaja da manyan yatsu biyu domin ba shi da kuɗin kwamfuta, kuma himmarsa ba ta gaza ta masu jiran ambulan ba.

Yanzu ga wani sauyi ya zo wanda ya shafi masu wannan sha'awa kai tsaye. Kamar yadda Microsoft ta daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, haka ta sa ran 14 ga Oktoba na 2025 ya zama ƙarshen kulawar gama-gari ga Windows 10, alhali Windows 11 tana sharɗanta wani guntun tsaro da sababbin injuna, abin da kwamfutoci masu ɗimbin yawa da ke aiki lafiya ba su cika ba. Sanin kowa ne inda irin waɗannan ke ƙarewa: Legas, sa'an nan Kano, sa'an nan shagunan Gumel, a farashin da malamin firamare zai iya tarawa. Mafi yawansu suna ɗaukar Mint ko Debian ko Fedora ba tare da nishi ba, da gyaran tsaro na shekaru a gaba, kuma ba da faifan sata ba. Tsofaffin can na zamanin XP kuwa, masu tsohon tsarin bit 32, su ma manyan zubi sun soma sallamarsu, domin Ubuntu ta daɗe da daina fitar musu da faifai, Debian ta 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta janye, sai ƙananan zubi irin su antiX da Puppy suka rage musu. Wanda zai ɗora wa makarantar Islamiyya ko ɗakin shan magani na ƙauye kwamfuta a bana, sai ya fara duba wane irin inji ne a gabansa, da nawa ne ram ɗinsa, kafin ya zaɓi abin da zai sa a filashi ya hau babur zuwa Ɗanzomo.